Kibod Mai Jin Hausa: Amfanin Tara Tsarin Madannai a Jaka Ɗaya

A shagunan buga takardu na garuruwan da ke da manyan makarantu, irin su Gumel da Kafin Hausa da Bichi da Wudil, aikin Hausa ya fi na Turanci cin lokaci, kuma kowa a sana'ar ya san dalili. Mai bugawa yana gudu a kan Turanci ba ya ko kallon yatsunsa, amma da an miƙo masa kundin ɗalibin sashen Hausa sai gudun ya karye, domin ɓ da ɗ da ƙ babu su a fuskar kibod. Wani ya riƙa buɗe akwatin alamomi na Word, wani ya ajiye haruffan a saman shafi yana kwafa yana liƙawa, wani kuma ya buga b da d da k ziryan ya ce wa ɗalibi, "Ka sa ƙugiyar da biro in an fitar."

Tsofaffin hannu suna da tasu hanyar. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro font, wato salon zanen haruffa na kwamfuta, mai suna Rabi'at da wani mai suna Abdalla, ya ɗora haruffan nan a kan madannan da ba a cika taɓawa ba. Babbar hidima ce aka yi wa Hausa a lokacin da babu wata mafita. Sai dai dabarar a cikin font ɗin take zaune, saboda haka in fayil ya je kwamfutar da ba ta da shi, ko aka ɗora rubutun a intanet, sai ka ga }asa a gurbin ƙasa, ]aki a gurbin ɗaki. Tsarin Unicode ya raba wannan gardama, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ lambarsa 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manyansu kuma 0181 da 018A da 0198. Abin da ya rage shi ne yadda yatsa zai kai ga harafin ba tare da ya tsaya ba.

A nan ne kibod mai makunni ya shigo magana. Shi wannan, kowane madanni da makunninsa a ƙarƙashi, irin Cherry MX da wani kamfanin Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1980, saɓanin kibod na roba da ke cike da kasuwa. Wasu daga cikinsu, ba duka ba, cip ɗin da ke ciki yana karɓar sabuwar manhaja, kamar dai filashin da ake yi wa waya. Manhajar nan ta cikin cip ita ake kira famwaya, kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce QMK. Jack Humbert ne ya tsago ta daga TMK, aikin wani ɗan Japan da aka fi sani da Hasu, wajajen 2015, don ƙaramin kibod ɗinsa mai suna Planck. Kyauta ce, ƙarƙashin lasisin GPL mai ba kowa damar dubawa da gyarawa, kuma a yau tana aiki a kan nau'o'in kibod fiye da dubu.

Aikinta a taƙaice shi ne ta riƙa zagaya layukan makunnai ba tsayawa, in ta ga an danna ɗaya ta ɗan jira milisakan 5 don rawar ƙarfe ta lafa, sannan ta duba wani fayil mai suna keymap.c ta ga abin da mai kibod ya ce madannin ya yi. Fayil ɗin yana da hawa-hawa, har 32 in ana so. A hawan ƙasa madanni ya ba da k, in ka riƙe wani madanni da babban yatsa ka hau sama, shi dai wannan madannin ya ba da wani abu daban.

Akwai wata gaskiya da nake ganin ya wajaba a faɗa tun kafin mutum ya kashe kuɗinsa. Kibod ba ya aika harafi zuwa kwamfuta. Lambar madanni yake aikawa bisa ƙa'idar USB: madannin a lamba 4, na b lamba 5, haka har ƙarshe. Kwamfuta ce ke duba tsarin harshen da aka saita mata ta mayar da lambar harafi. A wannan jerin lambobi babu ta ƙ. In ba a saita wa kwamfutar tsarin Hausa ba, duk kibod ɗin da ka ga ya fitar da ƙ da dannawa ɗaya, zagaye ya yi: ya danna wa kwamfuta jerin madannai cikin ƙiftawar ido, irin waɗanda ita ta sani a matsayin "ga lambar Unicode nan tafe". Jerin kuwa ya bambanta. A Linux, Ctrl da Shift da U ne, sai lambar ta biyo. A Mac sai an kunna tsarin Unicode Hex Input, kibod ya riƙe Option yana buga lambar. A Windows, wadda ita ce a kusan duk shagunanmu, akwai hanyar taɓa rajistar kwamfuta, amma su kansu masu QMK ba su ba da shawarar a bi ta ba saboda ba ta da tabbas. Sun fi son a sa wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna WinCompose. Wato ko ta ina ka ɓullo, sai an shirya kwamfutar ta karɓa.

Ga wanda rabin rayuwarsa a cikin Word take, akwai wata hanya da ba ta buƙatar a sa komai. In ka buga 0199 ka danna Alt da X, Word zai mayar da ita ƙ. Ana iya koya wa kibod ya yi wannan da kansa. Amma a lura da tarkon da ke ciki, domin Hausa ta fi faɗawa a cikinsa: lambobin Unicode suna amfani da haruffan a zuwa f a matsayin alƙaluma. Ka zo rubuta baƙi, ka buga b da a, kibod ya ƙara 0199, sai Word ya karanta ba0199 a matsayin lamba guda, ya rasa abin yi ko ya fitar da shirme. Maganinsa shi ne kibod ya fara da U+ kafin lambar, don a san inda ta soma. Wannan hanyar a Word da LibreOffice take aiki. In ka koma burauza ko WhatsApp na kwamfuta, ba ta yi.

Sai kuma shawarar inda za a ajiye haruffan, wadda ita ce ta fi buƙatar tunani. Abin da ya fi saurin zuwa a ka shi ne a kwaikwayi waya: taɓa k ya ba da k, riƙe shi ya ba da ƙ. QMK na iya wannan, amma lokacin da take jira don ta rarrabe taɓawa da riƙewa milisakan 200 ne in ba a canza ba. Ga mai hira a waya ba komai ba ne. Ga mai buga shafi hamsin kafin la'asar, wanda zai ci karo da ƙaƙƙarfa da ɓaɓɓake da ɗaɗɗaure, jiran yana taruwa, kuma b da d da k suna cikin haruffan da Hausa ta fi taɓawa, ga shi kowannensu ba zai fita ba sai an ɗaga yatsa. Ni a ganina hanyar da ta fi ita ce a yi wa Hausa hawanta na musamman, a yi amfani da guraben da ba ta buƙata. Babu q da v da x a abacadar boko. A hawan Hausa, q ya zama ƙ, x ya zama ɗ, v ya zama ɓ, dannawa ɗaya ba jira. In aikin Turanci ya shigo, madanni guda ya mayar da kai ƙasa. Wanda kuma yake yawan gauraya harsunan biyu a layi ɗaya zai fi jin daɗin riƙe madannin babban yatsa ya taɓa harafin a inda ya saba. QMK na da hanyar haɗa ƙaramin harafi da babbansa a madanni guda, Shift ko Caps Lock ya zaɓa, abin da ba ya faruwa da kansa tunda lambobinsu daban-daban ne. A hawan nan za a iya ƙara alamar naira, 20A6, da ƴ ga mai yi wa 'yan Nijar aiki ta wajen Maigatari, da kuma waƙafin sama tsayayye, saboda Word na da halin juya na farkon 'ya'ya ya koma alamar buɗe zance.

To, duk wannan shawara da gwaji, da saitin jinkiri don tsohuwar kwamfuta ta iya bin jerin madannan ba ta haɗiye wasu ba, aiki ne na makonni. In a cikin keymap.c na kibod guda aka zuba shi, ranar da aka samu kibod na biyu sai an kwafe shi. Daga nan matsala ta fara. Ka gyara kuskuren baƙi a na shago, ka manta na gida. Yaron shago ya saba ɗ na kan x a teburin farko, ya koma na biyu ya tarar da shi a wani wuri. Hannun mai bugawa da sabo yake aiki, kuma sabon nan shi ne jarinsa na gaske, ya fi kibod ɗin kansa daraja.

Don irin wannan ne QMK ta tanadi abin da ta kira Userspace. Jaka ce guda a cikin foldar users, mai ɗauke da sunan da ka zaɓa, a ce hausa. Duk kibod ɗin da aka sa wa tsarinsa wannan suna, lokacin harhaɗa famwaya, wato mayar da fayilolin abin da cip zai iya karantawa, za a janyo abin da ke jakar a haɗa masa. Kamar gidan gandu ne: babbar gona ta kowa ce, a cikinta ake noma abin da gida zai ci, sannan kowane ɗa yana da 'yar gayaunarsa. Haruffa masu ƙugiya, sunayen hawa, tsawon jira da hanyar Unicode duk a jakar suke. Abin da ya rage wa keymap.c na kowane kibod shi ne abin da ya keɓanta da jikinsa, wato madannai nawa gare shi, a ina suke, yana da fitila ko babu.

A cikin jakar, rules.mk ne ke faɗin abubuwan da za a kunna da fayilolin da za a haɗa. config.h yana riƙe lambobin saiti. hausa.h yana riƙe sunaye, hausa.c kuma ainihin aikin. Wurare biyu ne suka fi rikita sabon shiga, kuma sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko, QMK na ba mai kibod ƙofa guda da ake kira process_record_user, inda duk dannawa ke bi kafin ta fita. Harshen C, wanda da shi aka rubuta QMK, ba ya yarda a rubuta aiki ɗaya da suna ɗaya sau biyu. In jaka ta karɓe ƙofar, kibod ɗin da ke da tasa buƙatar ya rasa ta ina zai shiga. Abin da aka saba yi shi ne jakar ta buɗe wata ƙaramar ƙofa, yawanci process_record_keymap, ta yi mata alamar cewa mai rauni ce, wato in wani keymap.c ya rubuta tasa, tasa za a ɗauka, in bai rubuta ba a wuce da ta jaka wadda ba ta yin komai. Da wannan kibod ɗin teburin lissafi zai iya samun madannin da ke buga kan rasit, ba tare da sauran sun ɗauki nauyinsa ba.

Na biyu shi ne bambancin jiki. Planck madannai 47 ko 48 gare shi, Corne mai rabe biyu 42, ErgoDox 76, na ofis kuwa ya haura 100. Ba za a yi musu taswira ɗaya ba. Sai a yanka layukan haruffa gunduwa-gunduwa, biyar na hannun hagu, biyar na dama, a ba kowace gunduwa suna a hausa.h, kowane kibod ya jera su a jikinsa ya cike gefe da nasa madannan. Amma in ka zuba sunayen nan kai tsaye a cikin LAYOUT, inda ake jera madannan kibod a keymap.c, harhaɗawa za ta tsaya ta ce madannai ba su cika ba, domin tana ƙirga sunan a matsayin abu ɗaya kafin ta warware shi ya zama biyar. Shi ya sa za ka ga kowa yana da wani layi guda, LAYOUT_wrapper, wanda aikinsa kawai ya sa a warware tukuna sannan a ƙirga. Wanda bai san wannan ba yana iya kwana a kai.

Jaka ɗaya kuma ba ta nufin kowane cip zai ɗauki duk abin da ke cikinta. ATmega32U4, wanda ke kan allon Pro Micro da tsofaffin kibod da yawa, kilobait 32 gare shi, kuma bayan an cire wurin manhajar da ke karɓar filashin, abin da ya rage yawanci bait 28,672 ne. Ka kunna Unicode da fitilu masu launi da ƙaramin allo, sai a ce maka famwaya ta yi girma. RP2040 na Raspberry Pi, da ya fito a 2021 kuma QMK ta karɓe shi a 2022, allunansa kan zo da megabait 2 ko fiye. Don haka ake kewaye kayan ƙawa da sharaɗi a cikin jaka, in cip na da wuri a haɗa, in babu a tsallake, sannan a kunna wani saitin harhaɗawa mai suna LTO don a matse girman. Fitilu ne ya kamata su fara fita, ƙugiya ta zauna.

A da, mutane kan tura jakunkunansu cikin babbar ma'ajiyar QMK a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, har suka yi yawan da masu kula da ita suka kasa ɗauka, domin duk sauyin da za su yi sai sun bi kod ɗin ɗaruruwan mutane suna gyarawa. A Nuwamban 2023 aka kwashe su, aka fito da tsarin da kowa zai riƙe tasa a ma'ajiyarsa daban, bisa wani samfuri mai suna qmk_userspace. Wasu sun ji haushi, amma ga mutumin ƙauye wannan sauyin alheri ne. Sauke QMK gaba ɗaya da kayan harhaɗarta yana cin ɗaruruwan megabait, ga netuwok mai zuwa yana ɗaukewa, ga batirin sola da ake tattali. Da sabon tsarin, kana iya gyara fayil ko ta burauzar waya, injinan GitHub su harhaɗa maka a can, kai kuma ka sauko da ɗan fayil ƙarami ka ɗura wa kibod. A RP2040 ɗurawar ma ba ta wuce jefa fayil a cikin abin da ya bayyana kamar filas ba.

Za a ce ai akwai VIA da Vial, waɗanda ke bari a canza madannai da linzami ba tare da an taɓa kod ba. Gaskiya ne, kuma ga mai kibod guda da ke son musanya madannai biyu sun wadatar. Amma sauyin a ƙwaƙwalwar wannan kibod ɗin yake zama, ba ya bin ka zuwa wani mai jiki daban. Haka kuma Windows da Linux suna da tsarin kibod na Hausa a cikinsu, ga kuma manhajar Keyman ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. Wanda kwamfutarsa ɗaya ce kuma tasa ce, ya kunna ɗaya daga cikinsu ya huta, ba sai ya sayi komai ba. Wannan ita ce shawarar da zan ba mafi yawan mutane. Famwaya tana fara biyan wahalarta ne ga mai shago da tebura da yawa, ko mai yawo da kibod tsakanin makaranta da gida da sakatariyar ƙaramar hukuma.

Jakar tana da nata haɗarin. Kuskure ɗaya a cikinta yana shiga duk kibod ɗin da aka sake wa filashin, don haka a fara gwadawa a kan guda, kuma kada a yi a makon da aiki ya yi yawa. QMK kanta tana fitar da manyan sauye-sauye kusan duk wata uku, sunaye na canzawa: madannin da a da ake kira RESET ya koma QK_BOOT, alamomin Unicode na X da XP sun koma UM da UP. Jakar da aka bari shekara biyu ba a taɓa ba tana iya ƙin harhaɗuwa. Mai shago ya fi dacewa ya tsaya a kan fitowa guda da ya gwada, ya ajiye fayilolin da suka yi aiki a filas.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar sirri. Da mutum ya ga madanni ɗaya na iya buga jimla sukutum, sai ya ji sha'awar sa lambar shiga imel ko ta shafin rajistar ɗalibai a ciki. Kada a yi. Duk wanda ya jona kibod ɗin ya buɗe shafi fari ya danna, ya gan ta ƙuru-ƙuru. In kuma jakar a buɗe take a GitHub, ko ka goge layin daga baya, tarihin ma'ajiyar na riƙe da shi. Haka nan kwaso jakar wani gwani mai dubban layuka ka ɗura ba ka karanta ba, ka ba kibod ɗinka izinin buga abin da ba ka sani ba ke nan.

Abin da nake fatan gani shi ne ƙaramar jaka ta Hausa, wadda ba ta wuce a karance ta a zama ɗaya ba, da masu buga takardu da malaman Hausa za su yarda da ita, ƙ da ɗ da ɓ su zauna wuri guda ko a Ringim ka koyi aiki ko a Rano. Tun Fabrairun 2025 QMK ta ƙara tsarin Community Modules, wanda ke ba da damar a naɗe irin wannan aiki a ƙunshi guda, wani ya ɗauka ya jona a nasa ba tare da ya kwafi komai ba. Yaron da ya koyi bugu a wani shago zai zauna a wani ya ci gaba da gudunsa.

Saura batun kuɗi, domin kibod mai QMK daga waje ake kawo shi kuma ya ninka na roba sau da yawa, sannan yawancin masu walƙiya da ake sayarwa da sunan na wasan gem cip ɗinsu a rufe yake. Ba dole a fara da babba ba. Allon RP2040 ko Pro Micro guda, da makunnai takwas, kowanne a jona shi kai tsaye da ƙafarsa a jikin allon, sun isa a yi ɗan ƙaramin kibod da zai zauna gefen na roba. Liƙin dalmarsa bai kai wahalar canza bakin caji ba, duk mai gyaran waya a ranar kasuwa zai iya, balle na Farm Centre ko titin Beirut a Kano. Abu ɗaya za a kiyaye: Shift ɗin babban kibod ba ya isa ga cip ɗin ƙaramin, kowanne harkarsa yake da kwamfuta. Saboda haka manyan haruffa su samu nasu madannan: uku na ɓ da ɗ da ƙ, uku na Ɓ da Ɗ da Ƙ, ɗaya na naira, ɗaya na waƙafin sama. A rubuta su a cikin hausa.c tun daga wannan ɗan ƙaramin, ranar da aka samu halin sayen babba, keymap.c ɗinsa kawai za a rubuta.